Ni da Kawu Sale da Bulon Ƙasa a Hanyar Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a layinmu na Unguwar Kanawa, duk wanda ya tare ni sai ya ce, "'Yar Nijar, yaya kika baro su? Wai da gaske Kawunki ya suma a can?" Bai suma ba. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya kai shi gaba sai ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, zanen gine-gine na karanta a Zariya. Na gama, na yi bautar ƙasa, na samu wani ofis a cikin gari ina taya su zana gidajen da babu sunana a jiki. Abin da ya shiga raina tun ina makaranta shi ne gini da ƙasa. Jar ƙasar nan tamu, a tankaɗe ta, a zuba mata siminti ɗan kaɗan, a matse ta da inji ta zama bulo, a bar iska ta riƙa ratsa gida, ɗaki ya yi sanyi ba sai an wuni ana jan janareta ba. Na iya bayaninsa kamar karatun sallah, amma ko akurkin kaji ban taɓa ginawa da sunana ba.

Ana nan sai Kawu Sale, yayan Ummanmu, ya sayi fili a Mando zai yi gidajen haya. Umma ta sa baki, ya ce zai ba ni aikin. Na kai masa zane shago, ya duba, yana gyaɗa kai yana sa albarka, har ya zo inda na nuna irin bulon da za a yi amfani da shi. Shagon nan kuwa na siminti ne. Tun ban san kaina ba sana'arsa ke nan.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsu na ci, "mai shagon siminti ya tashi ya yi gidan laka? So kike 'yan kasuwa su ce na karye?"

Na ce ba laka ba ce irin ta da. Ya ce ƙasa dai ƙasa ce, ko an sa mata hula. Na ce to ya zo ya gani da idonsa. Ina da ƙawa Ramatu, 'yar Damagaram, tare muka yi karatu, ta koma gida tana cikin masu irin wannan gini. Abba ya riga ya ce ba zan tsallaka boda ba muharrami ba, sai Umma ta yi dabarar ta ce ai ga muharrami nan, yayanta. Kawu ya yi ta zillewa, daga baya ya yarda, amma da sharaɗi.

"In na gani na gamsu, aikin naki ne. In ban gamsu ba, akwai wani injiniya a Abakpa yana jira. Kuma kar ki kai ƙarata wurin uwarki."

Da wannan sharaɗin a wuyana muka shiga mota a tashar Kawo, da bazara, lokacin da zafi ke gaida mutum tun da hantsi.

Daga Kaduna zuwa Kano Kawu ne a gaba, ni ina bayansa. Duk ginin da muka wuce wanda aka tsaya a linta, sai ya ɗaga hannu ya roƙa wa mai shi Allah ya buɗa masa ya ƙarasa. Direban, wani Bakatsine mai fara'a, ya ce, "Alhaji kana da tausayin mutane." Na ce masa a'a, siminti yake sayarwa. Mota ta kwashe da dariya, Kawu bai ko juyo ba ya ce, "Ku rabu da ita, ɗiyar zamani ce, boko ya mayar da ita ƙauye." A Kano muka sauya mota, muka bi ta Kazaure, muka sha fura a Daura. Furar ta yi daɗi, sai dai mai furar ta ƙi sa mini sukari, wai budurwa kamata ta sha yadda iyayenta suka sha.

A bodar Kongolam ɓangarenmu ba mu daɗe ba. A ɓangarensu ne abin ya tsaya. A cikin jakata akwai bulo biyu da na matsa da hannuna a Kaduna, na naɗe su a zani, ina so Ramatu ta gwada su da nasu. Jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, ya ɗaga jakar ya ji nauyi, ya ajiye, ya dube ni. Hausarsa ta yamma ce.

"Mi na na wanga, malama?"

Na kwance zanin. Ya juya bulon, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya juya.

"Ƙasa kika ɗauko daga Najeriya kika kawo muna? Mu da ita ce abin da ya hi yi muna yawa?"

Na yi bayani iya bayani. Suka saurara da ladabi, suka ce sun ji, amma aikinsu ya ce sai sun ga cikinsa. Ban ga laifinsu ba, ni ma da na ga mace da bulo a jakar kaya zan yi tunani. Kawu kuwa abin nema ya samu. Ya matso yana gyara babbar riga, ya ce, "Ranka ya daɗe fasa, ai laka ce, da yatsa ma marmashewa za ta yi." Jami'in ya buga shi a gefen dakali. Gefen dakalin ne ya ɓantare. Ya sake bugawa, shiru. Sai da aka aro guduma wurin wani mai faci sannan ya rabe biyu, babu komai ciki sai ƙasa. Na dubi Kawu ina jiran ya ce wani abu. Ya ɗauki ɓari ɗaya, ya shinshina, ya ce, "Ɗan simintin da kika sa ne ya cece ki."

Hanyar Matameye zuwa Damagaram shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai tsayawa. Duk shingen jandarma sai kowa ya nuna katinsa, ba gardama, ba "ka san ko ni wane ne". Kawu da ya saba ya leƙo kai ya ce "ofisa yaya aiki" a wuce, ya gwada sau ɗaya, aka dube shi aka ce ya sauko. Daga nan ya zama shi ne farkon miƙa kati. A wata tsayawa ya sayi burodinsu dogon nan mai tauri, ya gutsura, ya tauna, ya ce mini a hankali, "Uwata, ajiye wannan, in bulonki ya ƙare sai ki ƙarasa ginin da shi."

Mun shiga gari bayan la'asar. Ramatu ta tarbe mu a tasha, ta rungume ni har gyalena ya zame, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kawu. Gidansu yana Birni, tsohuwar unguwa mai lunguna, inda katangu ke da kauri kuma wasu ƙofofin an yi musu ado da zanen yaɓe. Zuciyata ta yi fari, na ce yau Kawu zai kwana a ƙarƙashin soro, gobe da safe magana ta ƙare.

Mahaifinta, Baba Isuhu, dattijo ne dogo siriri mai sayar da fatu. Ya riƙe hannun Kawu a zaure suka yi ta gaisawa, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Kaduna, ina labarin ruwa, har na fara canza ƙafa. Sannan ya ce a kai baƙo masaukinsa. Muka bi shi. Muka wuce zauren ƙasa mai sanyi, muka wuce wani soro, muka fito wani fili a gefen gida, sai ga ɗaki sabo fil, bulon siminti, rufin kwano, an shafa masa shuɗin fenti, ga ƙofar ƙarfe.

"Alhaji, ga naka," in ji Baba Isuhu, yana murmushin wanda ya fitar da baƙo kunya. "Mun san ku mutanen Najeriya ba ku saba da laka ba. Simintin ma daga wajenku aka kawo shi."

Wallahi ji na yi kamar in zauna a ƙasa. Kawu ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya juyo ya dube ni da wani irin kallo, ya ce, "Masha Allah. Ka ga mutanen da suka san darajar baƙo." Na ja Ramatu gefe na ce ta rufa mini asiri a sauya masa ɗaki. Ta riƙe baki. Ta ce Baba shekara guda ya yi yana tattalin ɗakin nan, ba wanda ya taɓa kwana ciki, tun da ya ji za mu zo ya sa aka sake fenti. In aka ce a fitar da baƙo daga ciki a kai shi ɗakin laka, an ce masa karamcinsa bai karɓu ba ke nan. Ni aka kai ni cikin gida wurin mata, ɗakin kakarta, mai rufin azara, wanda ko da rana sai ka nemi mayafi in ka kwanta.

Abinci kam mun ci. Dambun zogale da suke kira kwabto, tuwon gero miyar kuka da man shanu, ga kilishi wanda na rantse ya fi namu, ko da mutanen Kaduna za su yi fushi. Shayinsu ne ya ba Kawu wahala. Shi ya saba da kofi babba, madara har ta yi kauri. Aka miƙo masa ɗan ƙaramin gilashi mai ɗaci, ya kurɓe, ya yi godiya, ya miƙe zai tafi. Baba Isuhu ya kamo rigarsa ya ce ina zuwa, ai na farko ke nan, ba a tashi sai an sha na uku. Ya koma ya zauna. Kafin mu baro garin shi ke tambayar ko an ɗora.

Washegari Ramatu ta kai mu wani ginin koyar da mata sana'a da suka yi a bayan gari, duk da bulon ƙasa. Rufin ya ɗaga sama da bango, iska na shiga ta ƙarƙashinsa, tagogin dogaye ne tsukakku suna kallon inda rana ba ta bugawa. Matan suna ta ɗinki tsakar rana ba fanka ko ɗaya. Ni dai hawaye ne kawai ban yi ba. Kawu ya zagaya, ya kankari bango da makullinsa, ya duƙa ya duba gindin ginin, ya tambayi Ramatu damina nawa ya gani. Bai yaba ba, bai kushe ba. A mota ya ce, "Ya yi kyau. Amma kin ga da baƙo ya zo ina suka kai shi."

Shi kuwa ɗakin baƙin yana nan yana aikinsa. Kwano ya sha ranar Damagaram tun safe, bango ya riƙe zafin ya ƙi saki. Kawu ya fara fitowa da ido ja, ƙurajen zafi sun feso masa a wuya, ya daina sa babbar riga sai 'yar shara. Duk safiya Baba Isuhu ya tambaye shi yaya kwanan ɗaki, shi kuma ya ce, "Alhamdu lillahi, kamar a gida." Na ce masa Kawu ka faɗi gaskiya mana. Ya ce, "Wace gaskiya? Mutum ya karrama ni in ce masa ya gasa ni? Kuma in ba ki abin faɗa?" Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don na san da zai mutu a ɗakin nan ba zai buɗe baki ba.

Ranar da ta rage mana kwana ɗaya, bayan azahar, aka kai masa abinci ba ya nan. Takalmansa na ƙofar ɗaki, wayarsa na kan katifa. Aka duba masallaci, ba shi. Aka duba wurin masu shayi, ba su gan shi ba. Hankalina ya tashi, na fara tunanin me zan ce wa Umma, na ɗauko mata yaya na zo na zubar a ƙasar mutane. Baba Isuhu har ya ɗauki hula zai fita nema. Sai Inna Hadiza, mahaifiyar Ramatu, ta shiga ɗakin ajiya ɗebo gero, ta fito da sauri tana rufe fuska da mayafi, tana dariya ba sauti. Muka leƙa. Ga Alhaji Sale mai siminti, ya shimfiɗa buhu a tsakanin buhunan gero da tulunan ruwa, a tsohon ɗakin laka mafi ƙasƙanci a gidan, ya yi matashi da hularsa, yana minshari. Daga nan ne labarin suma ya samo asali, ku da kuke yaɗawa.

Da ya farka ya ga mutane a kansa, ya tashi zaune ya ce ya shigo duba irin geron ƙasar ne. Baba Isuhu ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ɗakin can da zafi?" Kawu ya ce, "Da ɗan ɗumi." Baba Isuhu ya fashe da dariya har yana dafa bango. Ya ce shi kansa tun da aka gama ɗakin bai taɓa iya zama ciki bayan hantsi ba, ya ɗauka mu ne jikinmu ya saba. Dattawan nan biyu suka yi ta dariya suna tafawa, kowa na ba ɗan'uwansa haƙuri. Ni ina gefe ina cewa a raina shi ke nan, Mando ta zama tawa.

Da yamma na same shi a zaure shi kaɗai, an dawo masa da kayansa nan. Na zauna na ce, "To Kawu?"

Bai yi wasa ba wannan karon. Ya ce, "Sanyi kam akwai, ban musa ba. Amma Uwata, nan ba Kaduna ba ce. Ruwan da ake yi musu a shekara, mu a wata guda ake zuba mana." Ya ce lokacin yana saurayi a Unguwar Kanawa, kafin ko Ummanmu ta yi wayo, an yi wata marka da ta ƙi ɗaukewa, katangar maƙwabtansu ta jiƙa ta zauna a kan wata tsohuwa. Yana cikin waɗanda suka tona da hannu. An fito da ita da rai, amma ba ta sake takawa ba. "Tun ranar na ce in Allah ya hore mini, ba ni ba laka. Ba maganar 'yan kasuwa ba ce kawai. Wannan na faɗa miki ne don ta fi sauƙin faɗa."

Ban taɓa jin labarin nan ba. Na ajiye duk wani iya yi, na yi masa bayani a hankali: harsashin dutse da siminti zai taso har gwiwa kafin a ɗora bulon ƙasa, rufi zai fito sosai ya yi wa bango laima, ruwa zai bi magudana ya bar gindin gini. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambayoyi masu ma'ana, waɗanda wasu malamanmu ma ba su yi mini ba. Sannan ya ce, "Kin taɓa ginawa ya ga daminar Kaduna?" Na ce a'a. Ya ce, "To." Aka kira magariba ya tashi.

Da za mu taho Inna Hadiza ta cika mini jaka da kilishi da zogale busasshe, Baba Isuhu ya ba Kawu buzun sallah, suka rabu kamar sun shekara tare. Hanyar dawowa Kawu bai yi wa ginin kowa addu'a ba. Ni kuma sai juya abin nake a raina. A Kano muka samu mota, muka wuce Zariya, muna gab da Jaji hadari ya haɗu, ruwan farko na shekara ya sauko da ƙarfi har direba ya rage gudu. A nan ya juyo daga kujerar gaba.

"Uwata, gidajen Mando zan ba yaron nan na Abakpa. Da bulon siminti."

Na ce to. Na juya ina kallon gilashi don kar fasinjoji su ga fuskata. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Duk wahalar nan, duk bodar nan, ga shi zan koma ofis in ci gaba da zana gidajen wasu.

"Ki juyo ina magana," ya ce. "Gidan haya 'ya'yan mutane ne za su kwana ciki. Ba zan gwada abin da ban tabbatar ba a kansu. Amma akwai kangon da ke bayan gidana, inda nake so in yi ɗaki da falo in koma in na bar kasuwa. Shi za ki gina mini, da ƙasar taki, yadda kika ga dama, ba zan sa miki baki ba."

Na ce, "Kawu, kai da kanka za ka zauna ciki?"

"To wa zan sa? In ya tsaya, duk wanda ya zo sayen siminti sai na kawo shi ya gani, in ce 'yata ce ta yi. In kuma ya faɗi, a kaina zai faɗo, ba wanda zai kai ki ƙara."

Matar da ke kusa da ni ta ce, "Kai Alhaji, wace irin magana ce wannan ana ruwa." Shi kuwa ya gyara zama ya ce wa direba ya bi a hankali.

Yanzu haka an kai linta. Damina ta yi nisa, kuma duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kafin in gama ɗaura ɗankwali in fita duba bango, sai in tarar ya riga ni. Ranar nan na same shi tsaye a cikin ginin da ba rufi, da lema a hannu, ya dafa bangon da tafinsa. Na ce Kawu ka fito mana sai an rufa. Ya ce, "Ki bar ni, Uwata. Gara mu fara sabawa da juna tun yanzu."